Ɗan majalisar adawa: wa ke amfana da ihunsa in ƙuri'a ba ta hannunsa?

Direban Kandara (Jidda)

Assalamu alaikum jama'a. Ina da tambaya, kuma don Allah waɗanda suka san yadda majalisa ke aiki nake so su amsa, masu zagi su dakata tukuna. Ɗan majalisar adawa da ya tashi ya tona abu a kasafin kuɗi ko a wata doka, alhali ya san in aka zo ƙuri'a kayar da shi za a yi, wa ya amfana? Kansa, ko mu da muka tura shi?

Ni mutumin Darazo ne, wato Bauchi ta Tsakiya, don haka maganar Sanata Abdul Ningi a kanmu ta faɗo. Ga waɗanda suka manta: Shugaba Tinubu ya kai kasafin 2024 na naira tiriliyan 27.5, majalisa ta mayar da shi tiriliyan 28.7. A watan Maris na shekarar Ningi, ɗan PDP, ya yi hira da sashen Hausa na BBC, ya ce akwai kimanin tiriliyan 3.7 da ba a ga ayyukan da aka jingina su da su ba. Ina cikin mota a bakin kasuwar Balad ina jiran matar kafilina, wato maigidan da nake wa aiki, ta gama sayayyar azumi na saurari hirar, har na ce a raina yau dai an samu namiji. Ranar 12 ga Maris, biyu ga Ramadan, aka dakatar da shi wata uku, wasu ma shekara guda suka nema. Shugaban kwamitin kasafi ya ce kuɗin na hukumomin da ake cire wa nasu kai-tsaye ne, irin su hukumar zaɓe da ɓangaren shari'a da ita kanta majalisar, shi ya sa ba a ga filla-fillarsu ba. Aka rufe magana. Sai ƙarshen Mayu aka dawo da shi. A tsakanin nan ƙananan hukumomi shida, Ningi, Warji, Ganjuwa, Darazo, Misau da Dambam, ba su da mai buɗe baki a majalisar dattawa, kuma ni dai ban ji an ce ko sisi ta koma baitulmali ba.

Abin da ya tayar min da zancen yanzu zaɓen 2027 ne. Ni ba ni da ƙuri'a, tunda doka ba ta ba na waje damar zaɓe ba, amma a gidanmu in na ce ga inda za a dangwala, da tsohuwa da iyalina da ƙannena ba a cika musu ba, kun san matsayin mai turo kuɗin cefane. To ƙanena ya tsaya kai da fata sai dai a bi duk wanda ke jam'iyyar da ke mulki a Abuja. Hujjarsa ita ce ɗan adawa surutu yake kawowa gida, ɗan gwamnati kuwa taransifoma da rijiyar burtsatse. Na rasa ta cewa, domin hanyar ƙauyen matata da damina sai babur.

Ga kuma wani abu. Nan inda muke zaune babu jam'iyya balle adawa. Majalisar Shura mutum 150 ce, sarki ke naɗa su, 30 daga ciki mata. Ba sa baki nake yi a tsarin ƙasar mutane ba, baƙi muke. Sai dai ɗan kafilina ya taɓa ganin bidiyon 'yan majalisarmu suna ta hayaniya a wayata, ya tambaye ni me hayaniyar ta gina, mu kuwa muna kan titin Madina, kwalta sumul. Dariya kawai na yi na ƙara wuta.

Hajiya Mai Masa (Shara Mansur, Makka)

Wa alaikumus salam. Ƙanena, ƙanen nan naka ya fi ka gaskiya, ko da yake dalilinsa daban, nawa daban. Ni ban ga 'yan adawa a majalisar nan ba, 'yan jiran rabo na gani. A 2023, ana tsakiyar kukan cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 600, aka saya musu manyan motoci da aka ce kowace ta kai miliyan 160. Ban ji jam'iyyar da 'ya'yanta suka mayar da makulli ba. Ranar da aka dakatar da Ningin naku ma, wani sanatan PDP, Jarigbe na Kuros Riba, ya tashi a gaban kyamara ya ce manyan sanatoci kowa an ba shi ayyukan miliyan 500, shi bai samu ba. Ka ji inda gizo ke saƙar. Cin da aka yi bai dame su ba, rabon ne bai zagaya ba.

Ni da asuba nake hura wuta, in soya masa in kai wa masu shago kafin rana ta buɗe, in haɗa riyal-riyal in tura wa 'yata a Kano. A 2024 riyal ɗaya ya haura naira 400. In ta turo min hoton saƙon banki sai ka ga sifili jere kamar abin arziki, ta shiga Singa ta fito da rabin abin da take sayowa a da. Wane ɗan adawa ne ya sauko da farashin mudu?

Dokar harajin nan da aka yi ta rigima a kanta, wa ya taka mata burki? Gwamnonin Arewa da suka taru a Kaduna a watan Oktoban 2024, da Zulum na Barno, da Sanata Ndume. Yawancinsu 'yan gida ne, 'yan APC. Su kuwa masu sunan adawa, 2025 layi suka yi suna sauya sheƙa, har da gwamnoni. Ka zaɓi mutum da lema, ka wayi gari ya ɗauki tsintsiya, ko sallama ba zai yi maka ba.

Ɗalibi a Madina

Hajiya, Allah ya ƙara girma, maganar motoci da sauya sheƙa ba ni da ja. Amma Kawu Direba tambayar aiki ya yi, bari in faɗi ɗan abin da na sani, da yake na taɓa karatun shari'a a gida kafin in zo nan.

Yawancin abin da muke gani a bidiyo, wato mutum ya tashi ya gabatar da ƙudurin gaggawa, a yi muhawara, a buga guduma, a ce majalisa ta buƙaci gwamnati ta yi kaza, wannan shawara ce kawai, ba ta ɗaure bangaren zartarwa. Shi ya sa ake yi kullum ba a ganin komai. Ƙarfin yana cikin kwamitoci. Sashe na 88 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba majalisa ikon bincike don tona cin hanci, sakaci da almubazzaranci. Sashe na 89 ya ba ta ikon kiran kowa da takardunsa, har da sammacin kamo wanda ya ƙi zuwa. Sashe na 67 ya ce minista sai ya bayyana in an gayyace shi. Rahoton babban mai binciken kuɗi na ƙasa majalisa ake kai wa, kuma kwamitin da ke bin diddiginsa bisa al'ada ɗan adawa ake ba shugabancinsa. Ɗan majalisar da bai zauna a waɗannan ɗakuna ya karanta takarda ba, ko ya fi kowa murya a zaure, wasan kwaikwayo yake yi.

Misalin da ya fi burge ni na Abdussamad Dasuki ne, mai wakiltar Kebbe da Tambuwal ta Sakkwato. An sa hannu a dokokin haraji huɗu ranar 26 ga Yunin 2025, biyu daga ciki za su fara aiki 1 ga Janairun 2026. A watan Disamba, saura mako biyu, ya tashi a majalisar wakilai ya ce ya ɗauki kwafin da aka buga a gazet, wato mujallar da gwamnati ke wallafa dokoki, ya jera shi da kundin abin da majalisa ta zartar, ya tarar ba su yi daidai ba. Bai zagi kowa ba, takarda biyu ya ajiye. Majalisa ta kafa kwamiti, shugabanninta suka ba da umarnin a sake buga dokokin, a kuma fitar da kwafin da aka tantance. Dokar ta fara aiki a ranar da aka sa, ba a dakatar da ita ba, wannan gaskiya ne. Amma wakilai 360 ne a zauren nan. Ba don mutum ɗaya ya zauna ya karanta ba, da wa zai sani?

Na Ningi ma bai tafi a banza ba. A hayaniyar ce ƙungiyar BudgIT mai bin diddigin kasafi ta fito da lissafin cewa majalisa ta cusa ayyuka 7,447 na naira tiriliyan 2.24 a kasafin 2024, mutanen da ba su taɓa tambayar me ke cikin kasafi ba suka fara tambaya. Dakatarwar kuwa kotuna sun sha cewa ba daidai ba ce: ta Ndume a 2017, ta Omo-Agege a 2018, sannan a jiharku ta Bauchi kotun ɗaukaka ƙara ta yanke haka a shari'ar Rifkatu Danna mai wakiltar Bogoro, bisa hujjar cewa mutanen mazaɓa ake hukuntawa. Matsalar ita ce kafin kotu ta yi magana wa'adin ya ci rabi ko ya ƙare.

Abin da ya fi kashe adawa a wurinmu, a ganina, ƙuri'ar murya ce. A ce masu goyon baya su ce e, marasa goyon baya su ce a'a, mai guduma ya ce masu e sun yi rinjaye. Ko dokar ta-ɓacin Ribas a Maris ɗin 2025, wadda tsarin mulki ya ce sai da kashi biyu cikin uku, da murya aka wuce da ita. In ba a ƙirga kai ba, ba ka da hanyar sanin naka wakilin ina ya tsaya.

Jikan Mai Wurno (Jidda)

Salamu alaikum. Ku yi haƙuri da Hausata, ta bakin Shuɗin Nilu ce, Larabci ya shiga cikinta. Kakanninmu sun baro ƙasar Sakkwato bayan yaƙin Burmi na 1903, suka zauna kudu da Sinnar tare da Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru. Malamin makaranta ne ni har na yi ritaya, yaƙi ya fito da ni, yanzu ina wurin ɗana a nan Jidda. Ɗana Direba, tambayarka mun yi ta a Sudan shekara da shekaru, zan ba ka labarin yadda ta kasance mana, kai ka auna.

Barlamanmu, wato majalisarmu, yana Omdurman, bakin kogi, gini ne babba da Romaniyawa suka yi zamanin Numairi. A zaɓen 2015 manyan jam'iyyun adawa sun ƙaurace, jam'iyyar Bashir ta kwashe kujeru 323 cikin 426. Masu zaman kansu 19 ne kacal. Mu a ɗakin malamai majalisar tafi muke ce mata. In aka kunna zamanta a talabijin, wani sai ya ce a mayar mana da ƙwallon Hilal da Marrikh, can aƙalla ba a san sakamako tun kafin a fara ba.

Amma a cikin 'yan tsirarun nan akwai masu taurin kai. Akwai Abul Ƙasim Burɗum na Dungula, akwai na Fashaga a jihar Gadarif da ba ya gajiya da maganar gonakin kan iyaka da Habasha, inda Hausawa da yawa ke noman riɗi da dawa. Ƙuri'a ba su taɓa ci ba. Sai dai duk shekara babban mai binciken kuɗi yakan zo ya karanta rahotonsa a zauren: ga abin da aka ci na dukiyar jama'a, ga ma'aikatun da ke ɓoye kuɗin shiga a asusun gefe ba su kai wa ma'aikatar kuɗi ba, ga waɗanda suka ƙi a duba littattafansu. Waɗannan mutane su ke riƙe rahoton su yi ta tambaya, 'yan jarida na zaune a sama suna rubutawa. Washegari sai in sayi jarida a tashar Sinnar, in zauna wurin mai shayi in karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba. Wani lokaci jami'an tsaro sun riga sun kwashe jaridar daga maɗaba'a, sai mu san jiya an faɗi wani abu.

Kasafin 2018 ya zo, aka mayar da dalar gwamnati daga jine (kuɗin Sudan) 6.9 zuwa 18, aka sakar wa 'yan kasuwa shigo da alkama. Buhun fulawa ya tashi daga jine 167 zuwa 450, burodi ya ninka. An faɗa a zauren cewa mutane ba za su ɗauka ba, masu rinjaye suka tafa suka wuce da shi. A farkon Disamban 2018 'yan majalisa 294 suka sa hannu a gyara tsarin mulki don Bashir ya sake tsayawa a 2020. Mako biyu bayan nan burodi ya koma jine uku a Aɗbara, yara 'yan makaranta suka fito, aka ƙona ofishin jam'iyya. Da Bashir ya sa dokar ta-ɓaci ta shekara guda a Fabrairun 2019, iyakar jarumtar majalisar ita ce ta rage ta zuwa wata shida. Ranar 11 ga Afrilu soja suka sauke shi, suka rushe ta. Ban yi mata kuka ba, kuma har yau ban ce ta cancanci kuka ba.

To ga abin da ya biyo baya. Takardar tsarin mulkin riƙon ƙwarya ta Agustan 2019 ta ce a kafa majalisar dokoki cikin kwana 90, mutum bai wuce 300 ba, kashi 40 cikin ɗari mata. Ba a kafa ba. Majalisar mulki da majalisar ministoci su ke haɗuwa su yi doka, wato mai kashe kuɗin shi ne mai amincewa da kashewar. A Fabrairun 2021 aka saki jine daga 55 zuwa 375 a dala, a Yuni aka cire tallafin mai gaba ɗaya. Wataƙila dole ce ta sa, ni ba masanin tattalin arziki ba ne, amma babu zauren da aka tsayar da minista aka ce ya kawo lissafi. Sai juyin mulkin 25 ga Oktoban 2021. A Yulin 2022 rikici ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu, a Rusairis da kewayenta, aka kashe mutanenmu da maƙwabtanmu da muka yi shekaru muna cin kasuwa ɗaya, a Oktoba ya sake tashi a Wad al-Mahi. Ina da ɗalibai a cikin waɗanda suka gudo Sinnar da kayan jikinsu. Wa zai kira ministan cikin gida ya tambaye shi ina jami'an tsaro suke a ranar farko? Babu. Hausawa suka fita titi a Kasala da Gadarif da Madani da Khartum, domin titi kaɗai ya rage, a titi kuwa ba a amsa tambaya da takarda. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 kuwa kun san shi.

Maganar dakatar da sanatanku ta tuna min da abin da mahaifina ke yawan faɗa. A 1965 majalisarmu ta haramta jam'iyyar kwaminis ta kori 'yan majalisarta. Mahaifina ba ya ƙaunar kwaminis ko kaɗan, mutumin ɗariƙa ne. Kotu ta ce korar ta saɓa wa tsarin mulki, gwamnati ta yi kunnen uwar shegu, alƙalin alƙalai Babikir Awadallah ya ajiye aiki. Da Numairi ya yi juyin mulki a Mayun 1969, shi wannan Babikir ɗin ne firaministansa. Tsoho yakan ce masu rinjayen da suka kori mutum takwas, su aka kora gaba ɗaya bayan shekara huɗu.

Ba na ce kwalta za ta zo ƙauyen matarka don an zaɓi ɗan adawa ba. Hajiya ma ta faɗi gaskiya, da yawansu ciki ne ya kai su. Ni dai na ga ƙasa mai majalisar banza, na ga ƙasa marar majalisa, a ta farkon ina sanin nawa aka sace.

Ɗan Maraɗi (Jarwal)

Gaisuwa ga Baba na Mai Wurno, Allah ya maido da zaman lafiya Sudan. Ina so in gyara wa mai tambaya abu guda: ba kullum ne ɗan adawa ke faɗuwa ƙuri'a ba. Mu a Nijar mun gani da idonmu. A 2007 'yan adawa, ƙarƙashin Mahamadou Issoufou, suka riƙe maganar kuɗin ma'aikatar ilimin firamare da aka yi sama da faɗi da su, kuɗin da masu ba da tallafi suka zuba don makarantu. Suka shigar da ƙudurin yanke ƙauna ga gwamnatin Hama Amadou. A lissafi ba su da yawan da za su ci. Ranar 31 ga Mayu aka kaɗa ƙuri'a, depite, wato 'yan majalisa, 62 cikin 113 suka goyi baya, saboda wasu abokan ƙawancen gwamnati sun juya. Firaminista ya sauka.

Sai dai tsarinmu ba irin naku ba ne, mu firaminista majalisa na iya tuɓe shi, ku kuwa sai dai tsige shugaban ƙasa, wanda ba wasa ba ne. Kuma kada in yi ƙarya, siyasar 2009 da ke tafe ta taimaka, ba son yaran makaranta kaɗai ba ne. Tun 26 ga Yulin 2023 mu ma ba mu da zaɓaɓɓiyar majalisa, don haka zancen Baba na ji shi har cikin ƙashina.

Direban Kandara (Jidda)

Na gode ƙwarai, musamman Baba, Allah ya ƙara lafiya, ya jiƙan waɗanda aka rasa. Na karanta naka ina fakin a ƙofar asibiti, sai da mai gadi ya ƙwanƙwasa gilashi.

Amma har yanzu akwai abin da ya tsaya min. Baba ya ce yana sanin nawa aka sace. To mu mun sani, Ustaz ya kawo lamba har da ɗigo, 7,447. Sanin ya hana kasafin 2025 cika da irin waɗannan ayyuka? Fitilun kan titi masu hasken rana a inda babu titin, da horaswa a kan kaza da kaza da ba wanda ya ga an yi. Abin da na ɗauka dai daga Ustaz shi ne in daina auna ɗan majalisa da ƙarfin murya. Duk mai neman kujerar nan zan sa a tambaye shi wane kwamiti ya zauna ko yake son zama, ya taɓa buɗe rahoton mai binciken kuɗi, kuma in an zo babbar magana zai tashi ya nemi a ƙirga kai. Ustaz, shi sauya sheƙar nan da Hajiya ta faɗa, babu dokar da ta hana ne?

Ɗalibi a Madina

Akwai, Kawu. Sashe na 68 ya ce wanda ya bar jam'iyyar da ta kawo shi ya rasa kujerarsa, sai dai in jam'iyyar ta rabe gida biyu ko ta haɗe da wata. Ta wannan ƙofa kowa ke fita, shi ya sa duk wasiƙar sauya sheƙa za ka ji an ce saboda rikicin cikin gida. Kuma shugaban majalisa ne zai ayyana kujerar babu kowa, shi kuwa jam'iyyarsa ake shigowa.

Tunda ka ambaci rashin ƙuri'armu: a ranar 1 ga Maris 2022, lokacin gyaran tsarin mulki, majalisa ta yi watsi da ƙudurin bai wa 'yan ƙasar waje damar zaɓe. Amma ƙofar koke a buɗe take, kowane ɗan ƙasa na iya rubutawa, wani ɗan majalisa ya gabatar a zaure, a miƙa wa kwamitin koke-koken jama'a. A Maris ɗin 2021 wani ɗan PDP daga Binuwai, Mark Gbillah, ya tashi da koken 'yan ƙabilar Tibi mazauna Amurka. Mataimakin kakakin majalisa na lokacin, Idris Wase, ya ƙi karɓa, ya ce mazauna waje me suka sani game da gida. 'Yan Najeriya na ƙasashen waje suka yi ca, ba a jima ba majalisar ta karɓi koken.

Hajiya Mai Masa (Shara Mansur, Makka)

Me muka sani game da gida? Ya zo ya ga wa ke biyan kuɗin makarantar jikokina da na maganin hawan jinin yayata. Ni har gobe ban yarda da su ba, da masu lema da masu tsintsiya, Baba ya yi haƙuri. Amma a ba ni ƙuri'a a hannuna, ni na san wanda zan fara sallama.

Ustaz, kai da ka iya Turancinsu, rubuta koken a kan maganar zaɓen na waje, ka turo mu ji da Hausa kafin a kai. Direba ya nemo ɗan majalisar da zai yarda ya tashi da shi. Sunaye ni zan tara daga matan Shara Mansur da Hindawiyya, amma ta waya, ba taro, ƙasar mutane ce. Kuma duk wadda iƙamarta ta mutu kada a sa sunanta.